Kambin Takarda na Asabe Mai Ƙosai

Asabe mai ƙosai ba ta taɓa ƙunshe wa mutum ƙosai a takardar da ba ta duba ba. A bakin tashar Bodinga take zama, kuma kowa ya san halinta. Sai ta ɗaga takardar ta juya ciki da baya, in ta ga rubutun Larabci ta ajiye gefe, kada sunan Allah ya sha mai a yar da shi a hanya. Direbobi su yi ta mita, ita ko a jikinta.

Kafin ta kama suya, wanki take yi wa wata malamar makaranta 'yar ƙasar Filifin. Ba su jin harshen juna sosai. Wata rana malamar na shirin bikin ɗalibanta, ta zaunar da Asabe ta nuna mata da hannu: a yanke takarda kusurwa huɗu daidai, a ninka ta kamar ɗankwali, a naɗo gindin ya zama aljihu. A yi wata irinta a zura bakinta cikin aljihun ta farko, haka haka har ta ƙarshe ta zagayo ta kama ta farko. Babu ƙaro, babu zare, sai ga kambi da tsinayensa a sama. Da ƙasa ta shiga matsi malamar ta koma garinsu.

Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, soja kuma suka karɓi mulki, wake da man gyaɗa suka fi ƙarfin talaka. Asabe ta kife kasko. Abin da ya rage mata tulin takardun zaɓe ne da aka ɓamɓaro daga bango, masu launi, ba abin ƙunshewa a ciki.

A lokacin ne aka kawo mata jikarta Tani daga Dandin Mahe. Yarinyar ta tashi daga ƙyanda da dogon zazzaɓi, gashinta ya zube tas. Ran da ta fara fita ƙofar gida kallabinta ya zame, 'yan matan unguwa suka sa mata waƙa, wai ga ƙwarya ta fito yawo. Tani ta shige ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Tuwo sai ta taɓa ta ture. Asabe tana kallon wuyanta yana ƙara sirancewa, ta tsorata kada abin da cuta ta bari, ɓacin rai ya ƙarasa.

Lallashi bai yi ba. Wani hantsi sai Asabe ta baje takardun nan a bakin ƙofar ɗakin, ta duba su ɗaya bayan ɗaya yadda ta saba, ta hau ninki.

"Tsohuwa, mi kike yi?" in ji Tani daga ciki.

"Abin 'yan mata na, ba na masu kwanciya ba."

"Ke ɗin 'yan mata ta? Haƙoranki ma sun gudu sun bar ki."

"Sun tahi neman gashinki, tare za su komo."

Aka ji wata 'yar dariya, ta farko tun zuwanta. Tani ta matso. Yatsun Asabe sun yi kauri da zafin kasko, aljihun yana ba ta wuya, sai Tani ta karɓa ta zura cikin sauƙi. Da kambin ya haɗu Asabe ta ɗora mata bisa kallabi, ya danne shi daram.

Maƙwabciyarsu Balaraba ta leƙo ta katanga ta riƙe baki. "Asabe, jam'iyyun da sunka hana maza gaisawa kika haɗa bisa kan jikarki?"

"Ga su nan sun kama juna, ko ƙaro ban sa ba."

Kafin la'asar labari ya kai wa masu waƙar ƙwarya. Suka cika zaure, kowa na son nata. Asabe ta ce ninki za ta koya musu, amma haɗi sai Tani, ita kaɗai ta iya. Suka yi layi da guntayensu a hannu, suna cewa, "Don Allah Tani, nawa." Tani ta fito tsakar gida ta zauna a tabarma tana yi musu faɗan ninkin da ya karkace. Da magariba ta cinye tuwonta har tana tambayar ƙanzo.

Asabe ta daɗe kan sallaya ran nan. Ta gode wa Allah, ta kuma roƙa wa malamar nan alheri duk inda take, ko da yake har Asabe ta bar duniya ba ta iya faɗin sunanta daidai ba.

Damina ta gaba ta yi kyau, Asabe ta koma tasha da kaskonta. Gashin Tani ya fito har ya isa kitso. Yanzu Tani ke koya wa nata jikokin ninkin, kuma ba ta bari a yanka takarda sai an juya ta ciki da baya.