Malafar da Ta Rufa Mini Asiri

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha bakwai ga watan jiya, da hantsi, Allah ya karɓi ran Mai Makulli, mai tsaron gidan tarihin nan da ke kan dutse. Ƙanensa ne ya bugo mini waya. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya: in shiga ɗaki, in fito, in ɗauki biro, in ajiye.

Mai Makulli, shekara talatin da ɗaya kana hawa matakala ɗari biyu da sha biyu kowace safiya. Manyan ofis ba sa hawa sai ranar ɗaukar hoto. In rufi ya yi yoyo, kai ke jera kwanoni. In baƙo ya iso yana haki, sai ka miƙa masa kujerarka da ruwan sanyi, ka ce, "Huta tukuna, kayan nan shekara ɗari uku suna jiranka, ba yau za su gudu ba." Na ga ranar da ka goya wata tsohuwa har kogon sama, don ta ga inda kakanninta suka ɓuya.

Ni fa? Ni na rubuta katunan bayanin da ke jikin kayan, ina sabon dawowa da digiri, kaina yana rawa. A ɗaki na biyu akwai wani dogon ƙarfe mai tsini. Na rubuta masa: mashin yaƙi. Ka ja ni gefe, ka ce, "Mai Biro, wannan ko ɓera bai taɓa kashewa ba. Cikin rumbu ake soka shi, a zaro, a kara a kunci. In an ji ɗumi, hatsi ya fara ruɓewa. Shi ya raya mutanen dutsen nan lokacin da aka kewaye su."

Na ce, "Tsakanina da kai, wa ya je jami'a?"

Ba ka sake tayar da maganar ba. Washegari ka kafa ƙusa a saman katin, ka rataye malafarka. Kullum haka. Baƙi na jin gaskiya daga bakinka, ba su taɓa ganin ƙaryata ba. Na sani, na yi shiru. Sau nawa na ce zan hau da rikoda in ɗauki abin da ke kanka? Kullum sai ka yi dariya, ka ce, "Ka dai zo kafin gwiwa ta hana ka, ko ƙasa ta hana ni." Na ɓata shekaruna ina zagin ma'aikatar da ta yi mini ritaya ba ko na gode, ban hau ba.

Shekaranjiya na hau. Sau tara ina hutawa a hanya. An mayar wa iyalinka malafar, ƙusa ce kawai a bango. Na tarar da wata malamar makaranta tana kwafe katina a littafinta, za ta kai wa ɗalibai. Na ciro katin a gabanta, na yaga, na gaya mata maganar rumbu yadda ka gaya mini. Ta nuna wani tulu a gefe, ta ce, "To wannan fa, Baba?" Na duba katinsa, rubutuna ne. Ban san ko gaskiya ba ne. Kaya tamanin ne a gidan, guda ɗaya na bari ka gyara mini, shi ma sai da ka mutu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka, da 'ya'yanka, da ƙanenka. Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sauƙaƙa maka hawan da ke gaba. Ya rufa maka asiri ranar tsayuwa, kamar yadda ka rufa mini nawa da malafa. Amin.