Jan Kananzir a Mazanya

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don tsoron kada a ce na tona asirin mutanen da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Amma tunda ba zan ambaci sunan kowa ba, bari in faɗa.

'Yan shekaru kafin 'yancin kai, yayana mai fataucin gyaɗa tsakanin Jibiya da Maraɗi ya samo tsohuwar tarakta mai shan kananzir. Ya girke duron kananzir a bukkar gonarmu ta Mazanya, ya ba ni amanarsa. Kullum da safe nakan tsoma kara in auna, kullum kuma sai in tarar ya ja baya. Na sa kwaɗo, na kewaye da ƙaya, duk a banza. Ta ƙaramin murfin ake zuƙa. Har ramewa na yi.

Ran nan Yaya ya ce, “Ƙane, in ba ka iyawa, faɗa mani in ba wani.”

Wani direba ya ba ni shawara in zuba manja kaɗan a duron. Kananzir zai yi ja, kwalbar ɓarawo ta nuna kanta. Na zuba, ina tsoron kada ya ɓata injin.

Bayan kwanaki na shiga gari gaishe-gaishe da hantsi, ina satar kallon kwalabe. Gidan wanzami, ja. Gidan mai unguwa, ja. Fitilar masallaci, ja. Na dawo gida, na shiga gaida mahaifiyata, sai ga tata kwalbar a gindin gado, ja wur.

Na ce, “Inna, har da ku?”

Ta ce, “Har da mu mi? Wuta ce fa. Tunda kake, ka taɓa ganin an hana maƙwabci ɗibar wuta?”

Ashe abin da gari duka ya ɗauka ke nan. Yadda mace ke shiga gidan maƙwabciya da kasko ta ɗebi garwashi, haka suke zuwa duron, ba wanda ya ga laifi.

Da na gaya wa Yaya, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ba ya iya kai uwarsa gaban alƙali. Muka yanke cewa duk Juma'a zan cika wa mutane kwalabe a ƙofar gida, a fili, liman kuma ya sanar cewa na cikin duro abincin tarakta ne. Daga ranar kara bai sake nuna ragin da ban san da shi ba, mabuɗi kuma ya zauna a aljihuna.

Abu ɗaya ya rage. Bayan wasu damuna taraktar ta mutu. Yaya ya ce tsufa ne, ni kuwa har yau manjan nan na tsaya mani a rai. Don Allah, duk mai karatun da ya san injin irin na da, ya sanar da ni ko manja na yi masa illa.