Rumfar da Badaru Ya Yi wa Na'urar 'Yarsa

A duk Baure babu wanda bai san Badaru kafinta ba, mutumin da ba ya iya ganin abu a fili bai yi masa rufi ba. Rijiyar unguwa shi ya rufe ta, akurkin kajin maƙwabta ma da kwano ya yi shi. Har ana cewa in ka daɗe tsaye a ƙofar gidansa, kai ma sai ya auna kanka.

'Yarsa Hadiyya tana karatun ilimin sararin samaniya a jami'a. Ana gab da damina ta zo da wata na'ura mai kama da teburin ƙarfe, ta kafa a gonarsa can bayan gari, nesa da wayoyi da injuna. Ta ce da abin da na'urar ta tara za ta rubuta aikinta na kammala karatu. Ta bar masa amana ta koma.

Hadarin farko na haɗowa, Badaru ya kasa zama. Kaya mai tsada, kuma na 'yarsa, a bar shi ruwa na duka kamar jakin da ba shi da mai shi? Ya ɗebo sabon kwano ya kafa masa rumfa, har da indararo.

Ranar da Hadiyya ta dawo, shi ya shige gaba yana murmushi. Tana hango rumfar ta tsaya cak, jakarta ta suɓuce.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun ruwan shuka. Ko ɗigo bai taɓa ta ba."

Ta zauna daɓas a kan kunya. "Baba, sama na'urar take saurare. Kwano kuwa tare saƙon yake yi."

"Me ke sama ban da hadari?"

Ta ce masa tun kafin tauraro ko ɗaya ya haska, sarari cike yake da wata iska da ake kira haidurojin. Iskar tana fitar da wani rarraunan saƙon rediyo wanda ya fi shekara biliyan goma sha uku yana tafe, shi masana ke fafutukar kamawa.

Badaru ya cire hula, ya dube ta, ya mayar.

"Wato baƙo ya taso tun kafin taurari, ya iso har gonata, ni kuma na rufe masa ƙofa?"

"Ba lallai mu kama shi ba, Baba. Amma duk daminar nan kwanonka muka saurara."

"Kwanon dai mai kyau ne," ya ce a hankali.

Makonni kaɗan suka rage mata ta miƙa aikin. Badaru ya hau tsani ya shiga zare ƙusoshi, rufi na farko ke nan da ya taɓa kwarewa a rayuwarsa. Abin da na'urar ta tara bayan nan, da ƙyar ya ishe ta, amma ya isa.

Na'urar tana nan a gonar. In hadari ya haɗo, sai ka gan shi tsaye a gefenta, ya maƙale hannuwansa a baya, kada su ɗauki guduma.