Gurbin Yatsan Baba a Jikin Agogo

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya goge hannun ubanmu daga jikin agogonsa, kuma har yau gani yake alheri ya yi mini.

Baba shi ne mai riƙe lokaci a filin kokowar garinmu. In 'yan kokowa sun kama juna ya danna maɓallin saman agogon, allura ta fara gudu, in an yi kaye ya sake dannawa ta tsaya. Shekara da shekaru yana haka har maɓallin ya lotsa, ya yi gurbi daidai babban yatsansa. Da ya rasu, wannan agogon aka aiko mini birnin Lyon inda nake zaune, a mace, ko motsi ba ya yi.

Ni ban yi boko mai nisa ba, a wata masana'anta a Saint-Fons, kusa da Lyon, nake ɗaukar kaya. Sunan da ke fuskar agogon ya goge, ban ma san irinsa ba. Sai na buɗe bayansa a teburin cin abinci, na ga wata 'yar lamba, na yi ta gwada ta da hotuna a waya har na gano danginsa. Ashe ƙarfen da ke naɗe a ciki ne ya tsinke. Na sayo wani, da hantsaki da madubin ƙara girma. Wani ɗan noti ya tsere mini, ni da matata muka yi ta rarrafe a ƙasa tana yi mini dariya. Ran da ya fara bugawa ban gaya wa kowa ba. Na sa yatsana a gurbin, na danna.

Sai ƙanena ya kira daga Paris, za a ɗaura masa aure, yana so ya ɗaura agogon Baba ran bikin. Wa zai hana? Na ba shi.

Bayan biki na hau jirgin ƙasa na same shi a ɗakinsa na Montreuil, a gefen Paris. Ya miƙo mini agogon cikin akwati yana murmushi.

"Yaya, duba! Na kai shi wurin mai gyara a unguwar Barbès an wanke maka shi tas. Har wannan ruɓaɓɓen maɓallin an canja."

Yana ta ƙyalli kamar na kanti. Na sa yatsa, santsi kawai.

"Ina tsohon maɓallin?"

"Haba Yaya, guntun ƙarfe? Ai mai gyaran ya zubar."

Amaryarsa ta kawo shayi, ban taɓa ba. Na tura masa akwatin gabansa na ce, "Riƙe abinka. Na Baba na ba ka aro, wannan ban san shi ba. Ko hotonsa na kirki ba mu da shi, wurin nan kaɗai nake taɓa hannunsa, kai kuma ka sa an zuba shi a shara."