Wandon da Ya Kai Ni Gaban Inna

Mun tashi daga Yamai ana idar da sallar asuba, mu uku, ni da abokaina biyu, zuciyata fal murna kamar ranar Sallah. Tun da likita ya ce in rage tumbi na kama gudu, har na yi wa Inna alkawarin zan zo mata ƙauyenmu da ƙafa daga Filinge, ta hanyar da marigayi babanmu yake bi duk ranar kasuwa. Dariya ta yi a waya, ta ce mai zaman biro, wato ofis, ba zai iya ba. To, kun ga abin ya zama na kare mutunci.

Hanya ta yi mana kyau. A Baleyara muka karya da kopto, wato zogale da ƙuli, mai sayarwa tana zuba yaji kamar da faɗa muka zo. Kaka ce, amalanke sai wucewa suke da damman gero. Da hantsi muka shiga Filinge.

Ban ko huta ba na zaro wandon da na sayo a Yamai, ɗan guntu, mai raga-raga, mara nauyi. Na ce bari in gwada shi bayan gari. Wayyo! Na manta da ƙarangiyar ƙasarmu ta Kurfai. Ban yi nisa ba ta cika ragar nan tam, kowane taku sai ta soke ni a cinya. Ga dattawa a gindin wata bishiya, na yi musu sallama, suka amsa suna kallon gefe, don cinyoyina duk a waje. Na dawo ina tafiya a tattale, abokaina suna dariya har da riƙe ciki. Ni kam hankalina ya tashi, domin da wannan wando ko rabin hanya ba zan kai ba.

Mai masaukinmu ya kai ni wurin wani tsohon tela a bakin kasuwa. Ya ɗaga wandon da yatsa biyu.

"Ɗan Yamai, wanga tufa ne ko matacin koko?"

Ya zaɓo yadi mai santsi wanda ƙaya ba ta kamawa sosai. Ya yanka shi ya sauka ƙasan gwiwa, yadda zan yi salla a hanya ba sai na canza ba. Ya sa hantsa mai faɗi, ya juya ɗinkin waje don kada ya goge fata, ya zura mazagi a maimakon roba. Kafin la'asar ya gama. Gaskiya ba shi da kyan gani, abokina ya ce na koma mai noman ƙwadago.

Washegari gari na wayewa muka kama hanyar da ta nufi wajen Bonkuku, ɗaya yana gudu tare da ni, ɗaya a kan moto, wato babur, riƙe da ruwa. Kai, jama'a, daɗi! Iska tana shiga, ba abin da ke cizona. Muka ratsa gonaki da yashi, muka sha fura a wata ruga, masu yankan gero suna ɗaga mana hannu suna tambaya ko lafiya, wa ya biyo mu. Da rana ta take, abokin guduna ya haye moto. Ni ma ƙafafuna sun yi nauyi, na koma sassarfa, amma da na tuna dariyar Inna sai na cije. Na yi azahar a gindin wani gawo, na ci gaba.

Da la'asar na hango rumbunan ƙauyenmu, na fasa ihu kamar mahaukaci.

Inna tana zaune a tabarma. Na durƙusa ina haki, ina jira ta yaba. Ita kuwa wandon take kallo. Sai ta kama bakinsa ta fara cire 'yar ƙarangiyar da ta maƙale, ɗaya bayan ɗaya.

"Irin wanga babanku ka sawa," in ji ta. "Nan shika zama in cire mishi."

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba.

Kwana biyu muka yi, muka komo Yamai lafiya. Mai shirin dogon gudu a daji, ya tambayi mutanen wurin kafin ya tambayi mai kanti, ya kuma gwada wandonsa tun kafin ranar. Nawa yana rataye a ɗaki. Na hana a wanke shi tukuna, akwai sauran ƙarangiya biyu da Inna ba ta gani ba.