Akwatin Sirrin Khamisu Mahauci

Duk wanda ya san layin mahauta a Agege ya san Khamisu. Dogo ne, ba ya dariya, in ka gaishe shi sai ya ɗaga wuƙa sama, ya amsa ke nan. Tun yana saurayi ya zo daga Gumel, kuma har gemunsa ya yi fari ba a taɓa jin ya ce wani abu na damunsa ba.

Da ƙungiyar mahauta ta sayi manhajar karɓar odar nama, Mastura sakatariya ce ta koya masa shiga. Ta nuna masa wurin rubuta kalmar sirri. Ya danna harafi, sai ya ga ɗigo. Ya sake dannawa, wani ɗigon.

"Ina abin da na rubuta?"

"Ya ɓuya, Baba. Ko ni ba zan gani ba."

Khamisu ya daɗe yana kallon wayar. A duk faɗin Legas bai taɓa samun wurin da ke riƙe magana haka ba.

Daga ranar, kullum da safe kafin ya sa kalmar gaskiya, sai ya fara rubuta abin da ke ransa. "Gwiwata na ciwo." Manhaja ta ce ba daidai ba ne. "Ina tsoron farar saniya." Ba daidai ba ne. "Miyar Lami ta fi ta kowa amma ba zan faɗa mata ba." Lami matarsa ce.

Abin da bai sani ba, manhajar tana da aibi: duk abin da aka rubuta a akwatin nan, daidai ko kuskure, tana kwafe shi ɓaro-ɓaro da sunan mai shi cikin fayil ɗin da take adana bayanan aikinta. Ranar da ta lalace, mai gyara ya buga fayil ɗin gaba ɗaya a takardu, ya duba, ya watsar a bayan ofis. Balarabe mai tsire ya kwashe ya riƙa naɗe nama da su.

Kafin sati, har direbobin motocin haya na danfo sun san Khamisu na tsoron farar saniya. Kalmomin sirrin mahauta duka suna jikin takardun, amma ba wanda ya kula da su. Mutane na zuwa tun daga Abule Egba suna cewa, "Oga Balarabe, sa min a takardar Khamisu."

Lami ma ta samu tata, da maiƙo a jiki. Sai ta ƙara masa miya.

Kamfanin manhajar ya toshe aibin, aka sa kowa ya canza kalmarsa. Mastura ta same shi a rumfa tana ba shi haƙuri.

"Yanzu an gyara, Baba. Ko me ka rubuta, ba mai gani."

"Ba kowa?"

"Ba kowa wallahi."

Khamisu ya tura wayar cikin aljihu, ransa a ɓace.

"To wa ya ce a gyara?"

Cinikin Balarabe ya faɗi a watan nan, har ya koma sayar da kilishi a Apapa.