Kirfar da Ba Ta Ƙosa Ba

A kasuwar Batusangkar, garin da gadon ƙasa ke bin dangin uwa, a layin masu kayan yaji, wani dattijo yana tsugune gaban damin ɓawon kirfa. Baƙar hularsa ta koɗe, amma rigarsa ta sha guga irin ta mutanen da. Kirfar kuwa ba kauri; kowa ya gani ya san an sare itatuwan tun ba su ƙosa ba.

Wata mai sari ta ɗauki guda ta karya, ta kira shi da laƙabin girmama dattawa na garin.

"Haba Angku! Ai jarirai ka yanka. Da ka ƙara musu shekara biyar, ninki za ka samu."

"Ke za ki ara mini shekarun?" in ji shi. "Ƙasar da itatuwan ke kai ta gidan uwata ce. Ran da na mutu, 'ya'yan ƙanwata za ta koma wa, har da abin da ke tsaye a kanta. Liman ya ce gumin mutum gadon 'ya'yansa ne. Dattawan dangi suka ce haka ne, sai dai bishiya ba ta da ƙafa."

Ga alama da hannunsa ya dasa su, kuma ya gaji da zirga-zirga tsakanin masallaci da zauren dangi, inda kowa ke ba shi gaskiya, ba mai ba shi mafita.

Matar ta taya rabin kuɗi. Ya tura mata damin, ya kau da kai.

"Ɗauki. Rabin dai zai isa hannun 'yata."